Shafin Farko na Mujallar Masu Tattabaru

Shekarar da matata ta rasu aka ba ni editan mujallar ƙungiyarmu ta masu kiwon tattabaru. Mujalla dai a suna, shafi huɗu ne kacal, ana buga mana a wani shago a Sabon Gari duk wata. Sun ce ni ne tsohon malamin makaranta. Na karɓa don gidana na Fagge ya yi mini shiru, ba motsin kowa sai na tsuntsaye.

Wanda na gada ba ya rubuta komai a shafin edita, wato shafin farko, sai: wane bai zo taro ba, a leƙa shi; wane ƙafa ta matsa masa, a leƙa shi. Na ce wannan ai gaisuwar rediyo ce. Na share ta, na shiga zuba ilimi: yadda ake haɗa dawa da gero, tsaftar akurki, cutar da ke kashe 'yan shila. A taro sai a ce, "Kai Malam, akwai alƙalami!" Ni kuwa kaina ya yi ta kumbura.

Abin da na sani sarai amma na manta shi ne, mai tattabaru ba ya zuwa gidan ɗan'uwansa haka kawai. In ka je, tsuntsu ɗaya ya ɓata, to za a ce kai ka janye shi. Sai an rubuta "a leƙa shi" mutum yake da hujjar yin sallama.

Akwai wani dattijo da muke kira Baba, Bayarabe haifaffen Sabon Gari, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Wata uku bai zo taro ba. Na lura, amma ina da sharhi a kan ruwan sha da nake son kammalawa. Daga baya na kai masa mujallunsa da kaina, gidansa da ke bayan tasha.

Na tarar da shi kwance a tabarma, ya rame. Akurkinsa a buɗe, tattabarun sun watse gidajen maƙwabta saboda ba mai zuba musu hatsi.

Ya ce, "Malam, idona ya yi rauni. Karanta mini shafin farko."

Na karanta masa batun ruwan sha tun daga farko har ƙarshe. Bai katse ni ba.

Ya ce, "Ya yi kyau. Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan. Kunya ta kama ni, na ƙara da cewa kowa na gaishe shi.

Ya ce, "To ka rubuta mana, sai su zo. 'Yata na so ta tafi da ni kudu, wai ba ni da kowa a nan. Na ce mata ta jira ta gani."

Da na san abin da nake yi, da ranar na bi su gida-gida. Amma ni edita ne, sai na rubuta, na jira ƙarshen wata.

Ranar da mujallar ta fito, mu goma sha ɗaya muka je, har da mai ɗauke da buhun gero. Muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Wata maƙwabciya ta ce kwana biyar ke nan da tafiyarsu.

Ta ce, "Ranar tafiyar, ya sa an zaunar da shi a bakin ƙofa tun safe. Sai da direba ya yi faɗa sannan ya shiga mota."