Kayan da Mama Ta Ce Kar a Wanke

Har yau idan wani ya ce min, "Sai haƙuri, ruwa na Allah ne," sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Na san ruwa na Allah ne, ba a coci aka fara gaya min ba. Amma ba Allah ne ya kulle ƙofar saman benen ya zuba makulli a aljihu ya tafi shan shayi ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Filato. Na zo Doha tare da wata ƙawata da muka yi makarantar koyon jinya tare. Kamfani ɗaya ya ɗauke mu, asibiti ɗaya ya kai mu, ɗaki ɗaya aka ba mu a wani gida a unguwar Ain Khaled. Ni mai saurin fushi ce, ita kuwa in na fara faɗa sai ta ɗora waƙar coci a kai har in manta inda na tsaya. A shekarar korona ta kamu a wurin aiki, kuma ba ta tashi ba. Babu jirgi, babu izinin ɗaukar gawa, saboda haka a nan aka binne ta. Mahaifiyarta, wadda nake kira Mama, ba ta ga fuskarta ba, ba ta zuba mata ƙasa ba.

Kafin masu feshin magani su shigo ɗakinmu, na kwashe abin da hannuna ya kai: zanenta na zumuntar matan coci, zanen kwananta, ɗankwalaye, rigar sanyin da take ɗorawa a kan yunifom, da rigar matashin kanta. Na ƙulle su a leda, na zuba a akwatinta na yadi, na tura ƙarƙashin gadona. Da na gaya wa Mama a waya, sai ta tambaye ni ko na wanke su.

Na ce, "A'a, Mama, ban samu zarafi ba. Zan wanke kafin in kawo."

Ta ce, "Kar ki wanke, 'yata. Ina roƙonki, kar ruwa ya taɓa su. Kuma kar ki ba 'yan kago masu aika kaya, ke za ki kawo min da hannunki. Ina so in ji ƙamshinta kafin a raba."

A wurinmu, in mace ta rasu, makoki ba ya ƙarewa sai matan gida sun zauna an buɗe kayanta an raba wa 'yan'uwa, kuma uwa ce ke fara ɗaga kowane zane. Mama ta ce ba za a yi wannan zaman ba sai akwatin ya iso. Sau ɗaya na taɓa kwance bakin ledar. Ƙamshin man kaɗanya da man zafin da take shafawa a gwiwa ya buge ni kamar ta shigo ɗakin, na yi maza na ƙulle don kada ya ƙare.

Na nemi hutu, aka ce korona ba ta bari ba. Korona ta lafa na sake nema, aka ce ai gasar cin kofin duniya na tafe, babu ma'aikacin lafiyar da zai ɗaga ƙafa sai an gama ƙwallo. Duk Lahadi Mama ta kira, ba ta taɓa cewa na daɗe ba. Tambayarta ɗaya ce, "Kayan suna nan?" Ni kuma in ce suna nan lafiya.

Ana wata ga wata. Da ƙwallo ta matso, mai gidan da muke zaune a Ain Khaled ya ga baƙi sun fi mu maiƙo, sai aka ce mu tashi. Garin duk ya sha fenti da tutoci, an dasa furanni har a inda akuya ba za ta samu abin ci ba, mu kuwa da muka kwana muna juya marasa lafiya a lokacin da kowa ke ɓoye a gida, aka loda mu a bas kamar buhunan masara. Kamfani ya kai mu wani gida a unguwar Mesaimeer, aka cusa mu a ɗakuna masu gado hawa biyu, aka ce kowacce jaka ɗaya. Sauran kaya a kai su wani ɗan ɗakin katako da aka kafa a saman bene.

Wanda aka ɗora a kan masaukin ɗan ƙasarmu ne, ɗan Arewa, har muna haɗuwa da shi a coci. Yana cikin sabbin zuwan da aka kwaso saboda ƙwallo. Bai gama sanin hanyar kanti ba aka damƙa masa tarin makullai, shi ke nan kansa ya kumbura. Ya rataya su a ƙugu, in yana tafe sai ka ce akuyar da aka sa wa ƙararrawa. Larabcinsa duka bai wuce "yalla" da "khalas" ba, wato "maza" da "an gama", amma da su yake kora mu.

Na same shi na yi masa bayani tiryan-tiryan. Na gaya masa kayan wa ne, da abin da uwar ta roƙa. Na ce sanyi na shigowa, kuma a ƙasar nan da sanyi ake ruwa.

Ya yi dariya har da dafa bango. Ya ce, "Haba Sista! Ni fa ɗan manomi ne. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin ruwa ya sauka da sanyi ba. In sanyi ya shigo, damina ta yi sallama ke nan. Mu a gida da sanyi muke baza hatsi a fili mu tafi mu bar shi. Balle nan, hamada?"

Na ce, "Oga, nan ba gida ba ne. Na riga ka zuwa, na gani da idona."

Ya ce, "Ɗan yayyafi dai kika gani. Yalla, a hau da shi. Khalas."

Ban hau da shi ba. Na nemi wanda zai ajiye min a cikin mutanen coci, na tarar kowa a matse yake kamar ni. Sai na riƙa kwana da akwatin a kan gadona, ina naɗe ƙafa. Wata rana ina wurin aiki ya shiga duba ɗakuna, ya gan shi, ya sa aka hau da shi sama, ya kulle ƙofar matakala. Da na dawo na yi masa tas, matan gidan suna riƙe ni. Ya ce in na ƙara ɗaga masa murya zai kai ƙarata wurin kafil, wato kamfanin da bizata ke hannunsa, in ga ko zan samu hutun ma gaba ɗaya. Ya san inda zai taɓa. Hutun nan shi ne hanyar akwatin zuwa gida, dole na haɗiye maganata.

Aka yi ƙwallo aka gama. Ni dai ban kalli ko wasa ɗaya da daɗin rai ba, in mutane sun ɗaga kai suna kallon wasan wuta, ni sararin sama nake dubawa. Duk lokacin da na roƙe shi ya buɗe min in duba, sai ya ce sai ranar da kamfani ya yarda a sauko da kaya. Baƙi suka watse, aka sa min hannu a hutu, saura kaɗan in tafi.

Ranar da abin ya faru ina aikin safe. Asibitinmu bai da nisa da bakin teku, kuma tun hantsi iskar arewa ta taso, wadda suke kira shamal, mai sanyin da ke ratsa rigar sanyi. Kafin azahar gari ya yi duhu. Ruwa ya sauko a karkace, da ƙanƙara ƙanana tana dukan gilashi. Ta tagar ɗakin allura na hango teku yana tsallake katanga yana zubowa kan titi, iska ta tumɓuke allunan tallan ƙwallo tana mirgina su tsakanin motoci. Na ajiye tiren da ke hannuna na kira mai makullan a waya.

Ya ce, "Ina kasuwar Souq Waqif, Sista, na zo sayen tsaraba. Mun fake a wani shago muna shan shayi. Ikon Allah, ashe da gaske kike!"

Na ce, "Makullin fa?"

"Yana aljihuna. Ki kwantar da hankalinki, yanzu zai ɗauke."

Na roƙe shi ya kama mota ya koma gida. Ya ce a wannan ruwan? Na ce to ya ba matan da ke gida izini su fasa kwaɗon. Ya ce kayan kamfani ne, shi ba zai ɗauki laifi ba, ya kashe waya. Na kira matan, suka ce sun gwada da taɓarya da wuƙa, ƙofar ƙarfe ce, ta ƙi. Ni kuma ga marasa lafiya a gabana, ba a barin mutum da allura a hannu a ce ana zuwa. Na ƙarasa aikin nan ina ta duba agogo.

Direban bas ɗinmu wani dattijo ne ɗan Zangon Kumasi. Da muka iso hanyar ƙarƙashin gada, muka tarar ta cika, motoci sun nutse har gilashi. Ya ce, "Sista, wannan kogi ne, wallahi ba ni shiga." Ya zagaya da mu ta unguwanni, ruwa na shigowa ta ƙofar bas, muna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Ya ji ina ta faɗa a waya, ya tambaye ni, na gaya masa. Da muka isa Mesaimeer da la'asar, ya ciro ƙarfen kwance taya ya biyo ni sama, ya ɓalle kwaɗon.

Rufin gidajen nan shafaffe ne, da katanga kewaye, kuma magudanar ta toshe da yashi da kashin tantabara, don babu wanda ya taɓa tunanin share ta. Saman benen ya zama tafki, ruwa har ƙwauri, sanyinsa kamar an narka ƙanƙara. Iska ta yaye rufin ɗakin katakon ta jefar a gidan maƙwabta. Jakunkunan mutane na yawo a kan ruwa. Akwatin yana can ƙasa, an danne shi da kwalin tukwanen wata. Na ɗago shi ruwa na tsiyaya ta zif. Ledar da na dogara da ita, zafin ranar saman bene ya gasa ta, ta farfashe tun tuni.

Ban yarda nan take ba. Na baza kayan a kan gadona da na maƙwabciyata, na kunna fanka, na ce in sun bushe wataƙila wani abu ya rage. Amma rana ta ƙi fitowa, gari ya yi ta danshi da sanyi. Shuɗin zanen zumunta ya zuba a kan rigar matashin. Fumfuna ta fara fitowa baƙi-baƙi a kan ɗankwalaye, ɗakin ya ɗauki warin kwata, har matan suka fara tari suna kallona ba su son yin magana. Na kai zanen kwanan hancina, na nema, na sake nema. Babu man kaɗanya, babu ita, sai kashin tantabara. In na bar su za su ruɓe, Mama ta rasa ko abin rabawa. Na ɗauki bokiti da sabulu na shiga banɗaki na wanke su ɗaya bayan ɗaya, ina zagi da duk harshen da na iya.

Mai makullan kuwa ya zo ƙofar ɗakinmu da murmushin neman sulhu. Ya ce, "Sista, sai haƙuri, ruwa na Allah ne. Wa ya san ana damina da sanyi?" Ihu bayan hari. Na ce masa ni na sani, kuma na gaya masa, ya yi min dariya. Bai tashi daga wurin ba sai da ya tambayi wanda zai sayi sabon kwaɗo. Allah wadaran naka ya lalace. Da Balarabe ne ko Ba'indiye ya yi min haka, da na ce bai san me rabon kayan mamaci yake nufi ba. Wannan ya sani sarai, uwarsa ma za ta ɗaga zanen wata wata rana. A coci an ce in yafe masa kafin in ci jibin Ubangiji, wato gurasar da ake bin layi a karɓa, sai na zauna a kujerata na bar layi ya wuce.

Ban gaya wa Mama a waya ba, irin wannan magana ba ta waya ba ce. Da na isa ƙauye, matan gida sun riga sun shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Na durƙusa a gabanta na ajiye akwatin, na ba ta labarin ruwan daga farko har ƙarshe, na ce na wanke su. Ta saurara ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "Buɗe, 'yata."

Na buɗe. Ta ɗauki zanen zumunta ta kai hancinta, ta ja numfashi, ta ajiye a cinya. Ta ɗauki zanen kwana ta yi haka. Ta bi ɗankwalayen ɗaya-ɗaya, ta juya rigar sanyin ta shinshina wuyanta da hammatarta. Ta ji abin da na faɗa, amma ba ta tsallake ko ƙyalle ɗaya ba. Rigar matashin ce ta ƙarshe. Ta rufe fuskarta da ita ta daɗe, har wata ƙanwarta ta miƙa hannu za ta taɓa ta, sai Mama ta sauke rigar daga fuskarta.

Ta ce, "Sabulunku na can yana da ƙamshi."

Ta ninke rigar matashin, ta miƙa wa ta kusa da ita, ta ce a fara rabo.