Taku Talatin da Huɗu a Hanyar Gwiwa

Laifina ne. Na fara da wannan saboda kwana huɗu na yi ina ɗora wa yashi. Duk wanda ya zo dubiya sai in ce masa yashi ne ya kayar da mu. Ba yashi ba ne, ni ne.

Mun tashi da asuba daga Kazaure, ni da kawuna, ƙanin mahaifiyata, a kan babur ɗina. An kwana ana ruwa, shi kuma yana son ya shuka gyaɗa a gonarsa ta wajen Gwiwa kafin laima ta tafi. Irin yana wurin wani amininsa a Roni, dole sai mun biya ta can. Kawu ya haura sittin, kuma abin da gonar nan ta bayar shi gidansa ke ci shekara guda.

Ba mu gama barin duwatsun gari ba ya fara taɓa mini kafaɗa. "Ɗan nan, tsaya a arba'in." Na dubi allurar da ke nuna gudu, tana kan sittin. Na ce, "Kawu, arba'in ai tafiyar masu rakiyar amarya ce." Ya ce, "Arba'in ɗin da ka raina tafiyar wuni ce a ƙafa. Na taka ta, na sani. In fita da asuba in isa da la'asar, kai kuma ka cinye ta a awa ɗaya, kana cewa ba ka tafiya." Na yi dariya. Na ɗauka surutun tsufa ne.

A Roni muka karya da koko da ƙosai a bakin tasha, cikin 'yan acaɓa masu jiran fasinja. Ƙosan bana ya ƙanƙance har sai ka haɗa uku kafin bakinka ya san ka ci wani abu. Aminin Kawu ya fito mana da rabin buhu na ɓararriyar gyaɗa, irin bara da ya ɓoye a rumbu, ya ce ko a kasuwa ba za mu samu kamarsa ba. Muka ɗaure shi a baya da roba, Kawu ya matso ya zauna a takure.

Hanyar Gwiwa ta yi kyau da safiyar nan. Ƙasa na ƙamshi, gonaki cike da mutane, mai sungumi a gaba, masu zuba iri a bayansa. Wani garken shanun Fulani ya tsallaka titi a hankali kamar nasu ne. Ganin kowa ya riga mu fara shuka sai na murɗa, allura ta kai saba'in. Kawu ya ce, "In ba za ka rage ba, sauke ni nan." Raina ya ɓaci. Na sassauta har allura ta zauna daidai kan arba'in, na ji kamar mun tsaya cik. Daidai wata bishiyar ɗorawa na waiwaya na dube shi, na ce, "Ga arba'in ɗinka nan, Kawu. Ko jaki sai ya wuce mu."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Da na juyo, yashin da ruwa ya kwaso ya zube a kan titi yana gaban taya. Na taka birki, babur ya zame, muka faɗi. Ni na ƙuje a hannu kawai. Kawu ƙafarsa ce ta shiga ƙarƙashin babur, buhun ya fashe, gyaɗa ta watsu har tsakiyar titi. Bai yi ihu ba. Ya yi salati, sannan ya ce, "Tattara irin." Manoma suka bar shukarsu suka ɗaga shi. Wata a-kori-kura ta maido mu Kazaure, aka ce karaya ce a ƙwauri.

Washegari na koma ɗauko babur a wurin manomin da ya ajiye mini shi. Awaki sun cinye irin da ya watse, sauran kuma taya ta murƙushe. Na tsaya a gindin ɗorawar nan, na taka zuwa inda man babur ya zuba. Taku talatin da huɗu. A cikin magana ɗaya ta rashin kunya, na yi tafiyar da ta fi daga zaurenmu zuwa masallacin unguwa, ina kallon baya, da tsoho a kan babur. Gudun da na ce jaki zai wuce ke nan. Shekaru nake tuƙi, ban taɓa sanin abin da arba'in take nufi a ƙasa ba, lamba kawai nake gani.

Laima ta tafi. Maƙwabtansa sun shuka, tasu ta tsiro, tasa gonar tana nan fayau. Shi kuwa bai taɓa ƙaryata ni ba. Ina cewa yashi, yana kwance yana kallon rufi.

A rana ta biyar na shiga wurinsa bayan la'asar, mutane cike da ɗakin, har da mahaifiyata. Na durƙusa kusa da ƙafar da aka ɗaure. Na ce, "Kawu, ba yashi ba ne. Ka ce in rage, na rage don in yi maka ba'a, na ɗauke ido daga hanya. Ni na karya ka, ni na hana ka shuka, kuma na yi ƙarya kana ji. Gonar in ka yarda zan je in shuka ta da ruwa na gaba, ko a ƙafa ne. Don Allah ka yafe mini."