Ƙullutun Da Baba Ya Ƙi Hudawa

Wata takwas ke nan ba wanda ya ga rubutuna. Ku abokan karatuna na Tudun Wada, na ji har an ce na mutu. Ban mutu ba. Wanda takardar nan ta fara shiga hannunsa ya karanta wa saura.

Da damina abin ya fara, ina ɗinkin buhu a Gusau. Loma uku na tuwo sai in ji na cika. Daga baya amai, ga kwana huɗu ba bayan gida. Wata safiya na shafa gefen cibiyata na ji ƙullutu kamar goruba. Kafin kaka ya kai ƙaramin duma.

Na koma gida Bilbis wurin mahaifina Garba. Kun san wanzami ne, shekara talatin yana yawo da zabira. Ya yi mini ƙaho, Inna ta dafa sassaƙe, ba sauƙi. Dangi suka ce ƙurji ne na ciki, a yi sakiya, a huda shi da ƙarfe mai zafi mugunya ta fita. Ni ma abin da nake so ke nan. Na gaji.

Ranar da za a yi, ƙarfe ya yi ja a wuta. Baba ya durƙusa ya tura ƙullutun dama, ya tafi. Ya tura shi hagu, ya dawo. Ya daɗe yana haka. Sai ya ce Inna ta zuba wa ƙarfen ruwa.

"Wanga abu yawo shikai," in ji shi. "Ƙurji ba shi yawo. Ba ni huda abin da ban sani ba."

Kun san bakina. A gaban ƙannensa da maƙwabta na ce: "Shekara talatin kana tsaga 'ya'yan mutane, yau naka ya zo hannunka na rawa? Wanzami mai tsoron jini. Jahilci ne ke damunku." Ni da na koyi karatu a jikin buhu da yagaggun jaridu, ni ke kiran mutum jahili.

Washegari Baba ya ɗora ni a jaki zuwa Tsafe, muka shiga motar gyaɗa har asibitin Gusau. Duk hanya ban yi masa magana ba.

Aka ɗebi jini da fitsari. Likitan Bature ne, mai yi mana tafinta kuma Malam Bitrus, ma'aikacin jinya. Likita ya ɗora hannu a cikina. Dama, hagu. Daidai yadda Baba ya yi. Na gani, amma girman kai bai bar ni na dubi inda Baba yake ba.

Aka ce sai an yanka, amma jinina ya yi ƙasa, sai na yi mako biyu ina shan magani. Baba ya tsaya a bakin gado ya ce, "Sani, zan tahi, dawa na jira. Allah shi ba ka lahiya."

Na juya fuskata bango.

Ranar aiki tsoro ya kama ni. Aka ɗora mini ƙyalle mai wari a hanci. Da na farka, Malam Bitrus ya nuna mini abin a tasa. Jakar ruwa ce, ta tsiro a tantanin da ke riƙe da hanji. Ya ce ba kasafai ake ganinta ba, kuma tana kama yaro, tana kama babba.

Sai ya ƙara da cewa, "Likita na tambaya, wa ya hana a huda? Da ƙarfe ya shiga, hanji zai samu. Ba ka kwana uku."

Na ce babana ne.

"To tsohonka ya fi ka kai, sarkin faɗa."

Ciwon ya yi ruwa, na ƙara wata biyu a kwance. Kullum ina shirya abin da zan gaya wa Baba, ina gyarawa, ni da ban taɓa neman gafarar kowa ba.

Ranar sallama, ƙanen Baba da ke garin Furfuri, Baffa Iro, shi ya zo ɗaukata. Zabirar Baba na kafaɗarsa. Wanzami ba ya ba da aron zabira. Tun bai buɗe baki ba na sani.

Sanƙarau ne ya ɗauke Baba cikin kwana uku. Sun ɓoye mini don kada ɗinki ya warware.

Na ce, "Ya yi maganata?"

"Ya tambaya ko abin da aka hiddo mugunya ce ko ruwa. Muka ce ruwa ne cikin jaka. Ya ce, to, hannuna bai yi ƙarya ba."

Yanzu ina cin tuwo in ƙoshi. Na gode wa Allah, na gode wa likita, da Malam Bitrus da ya sha zagina bai daina wanke mini ciwo ba, da Inna.

Duk wanda ya ji ƙullutu a cikinsa ko cikin ɗansa, ya tura ya ga yana tafiya, kada a kai masa ƙarfe, kada a jira kaka. A tafi asibiti. In kuma ka zagi wanda ya kawo ka, kada ka bari ya fita ƙofar ɗakin ba ka kira shi ba.

Ku yi wa Garba wanzami addu'a. Ya san aikinsa.