Takunkumi da Kunyar 'Yar Fari

Ni 'yar Salaga ce, aure ne ya kawo ni Yendi. A gidanmu har yanzu ana riƙe da abubuwan da kakanninmu suka zo da su daga ƙasar Hausa zamanin fataucin goro, kuma a cikinsu babu wanda ya shige mini jiki kamar kunyar ɗan fari. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an tambaye ta ko nata ne sai ta kau da kai ta ce na mutane ne. Haka uwata ta yi wa babban wanmu har ya yi furfura. Da na haifi tawa, mace, ni ma haka na yi, ban ga wani abu a ciki ba. Da aka yaye ta uwata ta ɗauke ta zuwa Salaga, yadda aka saba. Uwata take kira Mma, ni kuwa Yaya.

Wata bazara sanƙarau ya kama ta. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma ya tafi da kunnuwanta. Na dama ya mutu murus, na hagu sai ka kafa baki a kansa ka yi ihu. Maganarta tana nan, tunda ta riga ta iya kafin ciwon. Saboda asibiti da makaranta na dawo da ita wurina, uwata tana kuka, ita tana kuka. Allah dai ba ya hana duka, sai ya ba yarinyar nan ido. Bakinka take kallo ta kwashe maganarka tas. In muna gulma da maƙwabciya a tsakar gida sai na juya mata baya, in ba haka ba da yamma za ta maimaita wa ubanta komai, har da inda na yi tsaki.

Muka sa ta a wata makarantar kuɗi da ke bakin zango, unguwar baƙi irinmu, don ajin ba cunkoso. Malamar ajinsu, da suke ce wa madam, wata 'yar Gambaga ce, siririya, mai haƙuri. Ta zaunar da ita a layin gaba, ta kuma hana kanta magana tana fuskantar allo. Kafin ka ce kwabo yarinya ta fara wuce masu kunne biyu. Ina jin daɗi kamar in tashi sama, amma ko sau ɗaya ban nuna ba. In ta kawo mini sakamako sai in ce ta kai wa babanta, ni hannuna da mai. Wake da shinkafa nake sayarwa a ƙofar gida, saboda haka ba ƙarya na yi ba.

Ana nan sai ga korona. Aka rufe makarantu watanni, da aka buɗe kuma aka ce sai da takunkumi, wanda a nan muke ce wa nosmas. Mai makarantar wani dattijo ne ɗan ƙabilar Dagomba, tsohon malamin gwamnati, mutum ne da in an ce doka to ya ga abin yi. Da safe yana tsaye a ƙofa kusa da bokiti mai famfo, yaro ya wanke hannu, ya rufe hanci da baki, sannan ya shiga. Malamai ma haka, daga safe har a tashi.

Ranar farko ta dawo ta ajiye jaka, ta tsaya a kaina ina kwashe shinkafa.

"Yaya, madam ba ta da baki."

Na yi dariya, wallahi na yi dariya, don ban gane girman abin ba. Kafin zangon karatun ya yi nisa na daina dariyar. Yarinyar da ke cika gida da surutu ta koma shiru. Kullum da safe cikinta na ciwo. Yara suka gane in sun yi magana cikin takunkumi ba ta sani, sai su kewaye ta suna zaginta, ita tana ganin idanunsu suna dariya ba ta san me aka ce ba. Wata rana ta fasa wa wani yaro baki. Ban doke ta ba, ban kuma ce ta kyauta ba.

Madam ta yi iya ƙoƙarinta. Tana rubuta mata a allo, amma wa zai rubuta duk abin da baki ke faɗa? Ta samo garkuwar roba mai nuna fuska, mai makaranta ya ce sai dai a sa ta a kan takunkumi, to ina amfanin? Wani lokaci in ba ya kusa takan sauke nata ƙasan haɓa, har ya kama ta ya yi mata kashedi. Madam ɗin kuma tana da ciwon fuka, na sha ganinta a hanya ta dafa bango tana neman numfashi. Da wane bakin zan ce mata ta buɗe fuskarta a ɗaki cike da yara masu tari saboda tawa? Ita ma 'yar wani ce.

Mijina yana Bawku wurin cinikin albasa. An rufe iyaka, kaya sun tsaya masa, yana can yana fama kada su ruɓe. Na kira shi na ce yarinyar nan fa za ta lalace. Ya ce in gaya wa Alhaji, wansa, wanda muke gida ɗaya da shi, 'ya'yansa ma suna makarantar. Haka tsarin yake: uwa ba ta tsaya wa ɗan fari, dangin uba ke tsaya masa. Na durƙusa na gaya wa Alhaji. Ya ce za a duba. Kai, "za a duba" ɗin nan, Allah ya raba mu da ita!

Da zafi ya tsananta iyaye suka fara ƙorafi, sai mai makaranta ya kira taro: a cire takunkumi a aji ko a bari? Aka yi shi da la'asar bayan an tashi, a babban aji, yara suna wasa a fili suna jiran iyayensu. Maza a gaba, mata a baya. Alhaji yana layin farko da carbinsa.

Masu cewa a cire su suka fi baki. Wani mahauci ya ce cutar manya ce, ta masu hawa jirgi, ina ruwanta da Yendi. Wata ta ce ɗanta ya fita da takunkumi shuɗi ya dawo da ja, musanya suke yi kamar alewa, to wace cuta aka tsare? Aka yi dariya. Ni ban yi ba, haushi ma suka ba ni, don gefe ɗaya muke amma babu wanda ya faɗi abin da zai tsaya a gaban mai hankali.

Sai wani tela ya tashi, mutum mai sanyin magana. Ya ce babansa ya rasu a asibitin Tamale da wannan cuta, ba a ba su gawar sun yi mata wanka ba, daga nesa suka tsaya aka sa shi a rami. Ya ce uwarsa tsohuwa tana gida, da jikokinta take kwana. Ya ce shi bai san ko ƙyallen nan yana tsare komai ba, amma ya roƙe mu don Allah a bar shi. Ya koma ya zauna. Tausayinsa ya kama ni har cikin raina, kuma a lokaci guda na ji tsoro, don na ga taro ya juya.

Na kalli ƙeyar Alhaji ina jira ya tashi. Yana jan carbi abinsa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ban taɓa magana a taron maza ba! Na fara, aka ce ba a ji, sai na ja takunkumina ƙasa. Na ce akwai wata yarinya a makarantar nan, sanƙarau ya tafi da jinta, da ido take sauraro. Na ce tun da aka rufe bakin malamai ba ta ƙara jin darasi ko ɗaya ba, zuwa kawai take yi ta zauna kamar tukunya. Na ce ba na cewa a cire wa kowa, ajinsu kaɗai, ko malama ta tsaya can nesa kusa da ƙofa ta buɗe baki. Na ga mutane suna gyaɗa kai. Telan ma ya juyo yana kallona.

Mai makaranta ya san ta sarai, ya san ni. Ina jin so yake taro ya ji daga bakina, don maganar ta yi nauyi. Ya dube ni ya ce da irin Hausarsa ta zango:

"Madam, yarinya nan, naka ne?"

Alhaji ya juyo ya dube ni. Bai ɓata fuska ba, duba kawai ya yi. Ga surukai, ga maza cike da ɗaki. Wallahi tallahi ban yi shawara da zuciyata ba, bakina ne ya faɗi abin da aka koya masa tun ina goye.

"A'a, ba tawa ba ce. 'Yar mutane ce."

Da a Salaga ne, a gidanmu, duk wanda ya ji wannan ya san na ce tawa ce, ta fari ma kuwa. Amma ɗakin nan Dagomba ne da Gonja da Mosi da 'yan zango da ba su san wannan ba. Mahaucin nan ya ce to in ba tata ba ce, uwar ta zo ta faɗa da bakinta mana. Mai makaranta ya tsaya yana kallona kamar na zuba masa ruwan sanyi. Madam ta sunkuyar da kai. Aka wuce maganar, aka tsayar cewa takunkumi yana nan sai ranar da gwamnati ta ce a cire.

Ina zama na kalli taga. Yarinyar tana tsaye a waje, ta riƙe ƙarfen tagar da hannu biyu, idonta a kan bakina. Watanni ba ta ga buɗaɗɗen baki a makarantar nan ba, sai nawa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin da ban taɓa tunani ba shi ne, irin waɗannan al'adu ba zaunar da yaro ake yi a koya masa ba, a hira yake tsintarsu, a bayan ƙyaure, a wurin daka. Ita wannan hirar duk ta wuce ta. Abin da ta sani shi ne ina kiran ƙannenta da sunansu, ita sai "ke". Su suna ce mini Mma, ita Yaya. Yanzu kuma ga shi ta gani da idonta.

A hanya ta wuce gabana. A gida na kira ta ɗaki na rufe ƙofa, na ce yau kunya ta ci gidansu, zan gaya mata komai. Na buɗe baki, sai ta sunkuyar da kai. Na ɗago haɓarta, ta runtse ido. Na kai bakina kunnen hagu, ta sa tafin hannu ta toshe. Mai kunne ko yana fushi maganarka za ta shiga, ya so ko ya ƙi. Ita in ta rufe ido shi ke nan, ka zama bango. Ban yi boko ba balle in rubuta mata. Madam ta zo har gida ta yi mata bayani, yarinyar ta saurara da ladabi, ta ce, "Madam, na gani."

Alhaji kuwa ya aiko matarsa ta gaya mini wai na nuna 'yar gidan mutunci ce ni. Na ce ta ce masa na gode. Da na bi zuciyata, da tukunyar wake zan kifa masa.

Har yau in aka tambaye ni ko ya kamata a cire takunkumin nan a lokacin, ban san amsa ba. In na tuna tawa sai in ce a cire. In na tuna telan nan da madam tana dafa bango sai bakina ya mutu. Daga baya an ce kowa ya cire, yara suka yi ta ihu a fili, amma lokacin babu ita a ajin.

Ta daina zuwa makaranta tun washegarin taron. Da ubanta ya dawo daga Bawku ta same shi ta ce ya mai da ita wurin Mma. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya rantse mata ni na haife ta. Ta ce ta ji, amma dai a mai da ita. Ba ta ci, ba ta magana, tana ramewa muna kallo. Uwata ta ce a kawo ta ta huce. A unguwarmu ta Salaga babu ajin da za a zaunar da ita a gaba, na sani, kowa ya sani.

Na raka su tasha da safe, na ɗaure mata wake da shinkafa a leda. Ta karɓa ta ce na gode, Yaya, idonta a kan ledar. Ta juya ta bi ubanta wajen motar Salaga. Ina tsaye ina kallon bayanta, ɗankwalinta ya karkace, ta kusa kai ƙofar mota. Sai na buɗe murya na kira sunanta. Tun ranar suna ban taɓa furta shi ba. Na kira shi da ƙarfi har maƙogwarona ya yi zafi, na sake kira.

Masu sayar da doya suka juyo. Direba ya juyo. Mijina ya juyo, baki buɗe, ya tsaya da jaka a hannu. Ita ta sa ƙafa ta hau mota, ta zauna ta ɗaya gefen.