Kawuna Bai Yarda Direban Ne Ba

Kawuna mai aski ne. Tun da aka kashe wani mai kemis a cikin kemis ɗinsa, rediyo ta shiga bin shari'ar, Kawu ya zama alƙali ba tare da kowa ya naɗa shi ba. Da an fara shirin sai ya kashe injin aski, wai ƙararsa na hana shi jin shaidu. Ko askinka ya kai rabi, haka za ka zauna da ƙyalle a wuya kana kallon kanka a madubi har a gama. Masu wayo suka koma zuwa da sassafe.

'Yan sanda sun kama direban marigayin, Kawu ya ce sam. Yau matar ce, gobe mai gadi, jibi mai kawo magani. Har mai gabatar da shirin bai tsira ba, wai muryarsa ta cika daɗi.

Mu 'yan gida mun san dalili. Amininsa Sajan, tsohon ɗan sanda, ya daina magana tun rasuwar matarsa. Yakan zo ya zauna a bencin shagon, in an gaishe shi ya ɗaga hannu kawai. Kawu ya tsorata ƙwarai, don yana ganin mutumin na ƙarewa a zaune. Ran nan Kawu ya ce binciken nan aikin ragwaye ne, sai aka ji murya daga benci: "Kai me ka sani a bincike?" Daga ranar Kawu bai sake yarda da 'yan sanda ba ko da wasa.

"Sun ma auna sawun takalmin?" in ji Kawu.

"Sun auna mana!"

"Kana wurin?"

"Lokacin da nake wannan aiki, kai gashi kake sharewa!"

Haka suke yi kullum, har Sajan ya koma cin abinci, don musu na sa yunwa.

Sai ranar da direban ya amsa laifinsa a kotu, da bakinsa, dalla-dalla. Kawu ya kashe rediyo, ya tsaya da almakashi a hannu kamar wanda aka ƙwace wa sana'a.

"Tilasta shi aka yi," ya ce, amma muryar ba ƙarfi.

Sajan ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa ya nufi ƙofa, Kawu ya bi shi da ido. Ban taɓa ganin fuskar Kawu ta faɗa haka ba.

A bakin ƙofa Sajan ya tsaya. "Haka marigayiya take," ya ce. "Ko da kaya a hannu na kama ɓarawo, sai ta ce ba shi ba ne. Abinci na hucewa muna musu."

Bai taɓa ambatonta ba sai ranar. Ya dawo ya zauna a kujerar aski.

"Rage min gemun nan, in ba ka labarinta."