Tsibin Goruba Ɗari Huɗu da Ashirin

Tun kafin rumbunmu ya ƙare nake tsoron rabo. Ni ce ƙarama a matan unguwarmu, kuma na san ana fara rabo daga babba, a ƙare kan ƙarama.

Shekarar babban fari, maigidana ya ƙetara Najeriya neman abinci, ya bar ni da ɗiyata da ban daɗe da yaye ta ba. Mu mata muka koma gulbi, wajen Gazawa, tsintar goruba. Muna tarawa a gidan Gwaggo, tsohuwar unguwa, ranar Juma'a a raba gida-gida, ɗaya-ɗaya ana zagayawa. Zagayen ƙarshe bai taɓa isowa kaina ba. Goruba ɗaya ce, na sani. Amma da garinta nake dama wa yarinyar kunu, ga wuyanta ya zama kamar zare.

Kuma gidajen ba su tsayawa wuri ɗaya. Yau shida ne, jibi wasu sun kama hanyar garin Agiye sun zama huɗu.

Aji biyu na yi a lakol, makarantar boko, sai dai ina da ido. In yarinyar ta yi barcin rana, sai in zauna da ƙwallayen goruba ina jerawa a ƙasa. Na lura lissafi ma yana da hali kamar mutane. Sittin da ɗaya mai taurin kai ne, ko ta ina ka bi sai ya bar saura. Sittin kuwa ɗan zumunci: gida biyu, uku, huɗu, biyar, shida, duk ya raba daidai.

Na gaya wa Gwaggo a riƙa tsibi sittin-sittin, abin da bai cika ba ya jira wani mako. Ta yi dariya, ta ce yunwa ta mai da ni malama. Amma ta yarda.

Sai ga wata Bafulatana da shanunsu suka mutu ta sauka unguwar, muka zama bakwai. Sittin ya bar huɗu. Na sake zama ta ƙarshe. Na koma ƙasa ina gwadawa, tsibi biyu, uku, har shida, kowanne da saurarsa. Da na haɗa tsibi bakwai, ɗari huɗu da ashirin, ya rabu tas. Na gwada da shida, da biyar, har biyu. Bai ƙi kowa ba.

Ranar Juma'a aka raba ɗari huɗu da ashirin ɗin, goruba ta ƙarshe ta faɗo a ƙwaryata. Gwaggo ta leƙa buhu, babu komai.

"Ke ɗiyar nan," ta ce, "daga yau ke za ki riƙa ƙirga."

Yarinyar ta rayu, yanzu ita ke ɗauko mini ruwa. Ba na cewa lissafi kaɗai ya raya ta, Allah ne. Amma lissafin, ni na nemo shi, da hannuna, a ƙasa.

Don Allah, in rabo ya zo hannunku, ku ƙirga mutane ku ƙirga kaya kafin ku fara zagaye, kada giɓin ya faɗa kan na ƙarshe.