Taku Goma Sha Biyu na Baffa Isiyaku

Taku goma sha biyu ne. Na auna da ƙafata ba sau ɗaya ba. Tsakanin titi da bakin sitona na hatsi akwai guntun tudun jar ƙasa, tsayinsa bai wuce ƙugun mutum ba. Da za a baje shi, da babbar mota ta shigo da baya har ƙofa, na huta da 'yan dako. Tudun kuwa a gefen gonar Baffa Isiyaku yake, wan mahaifina. Ni tudu nake gani, shi ganuwa yake gani.

Ku da kuka san shi kun san halinsa. Garinmu yana kan iyakar Rano da Kibiya, ganuwarsa ta zube tun kafin a haife ni, in ban da guntun nan. Kowa ta inda ya ga dama yake shiga gari, har akuya. Baffa kaɗai ne sai ya zagaya ta inda ƙofar gari take a da, fili fetal babu ko kara, ya tsaya ya yi sallama, sannan ya shige. Ran da ciwon ƙafa ya sa aka ɗauko shi a babur daga kasuwar Kibiya, ɗan acaɓa ya yanke ta bayan masallaci. Baffa ya ce bai taɓa haura katanga ba, ba zai fara da furfura ba.

"Baba, ina katangar?"

"Idonka ne bai kai ba. Juya."

Da ma'aikata suka zo rajistar manoma don rabon taki, suka tambaye shi ko ɗan Rano ne ko ɗan Kibiya, tunda gonarsa ta hau kowane ɓangare. Ya ce dawarsa 'yar Rano ce, gyaɗarsa 'yar Kibiya, shi kuma ɗan cikin ganuwa ne, su rubuta haka. Ya zaunar da su ya kwaso tarihi tun daga maharbin da ya fara sare dajin, da Fulanin da suka nuna masa inda ruwa yake, har la'asar. Takardarsu ba ta da gurbin cikin ganuwa. A shekarar kowa ya sami taki ban da shi, kuma ya fi kowa fara'a.

Ni kuwa babu dabarar da ban yi ba. Na yi masa tayin musaya da fadamata ta albasa, ya ce albasa ba ta tare mahara. Na tura liman ya lallashe shi, liman ya dawo ya fi shi son ganuwa. Daga ƙarshe na ji zai tafi biki garin Saji, na yi maza na ɗauko masu yin bulo su kwashe ƙasar. Muka iso da hantsi, da diga da shebur, sai ga Baffa a saman tudun kan buzunsa, da buta da ƙullin goro. Ashe bikin ma shi ya ƙirƙira.

"Sale, baƙi ka kawo min?"

"Baffa, ƙasa ce fa kawai!"

"Kakanka a ka ya ɗauko ta. Kai buhu ma sai an ɗaukar maka."

Masu bulo suka ci goronsa, suka yi min dariya, suka tafi. Shekara tara muna haka.

Ranar da ya rasu, bayan an yi masa salla, masu ɗauke da makara suka miƙe ta gajeriyar hanya zuwa maƙabarta, ta inda ganuwa ta zube. Ban san lokacin da na sha gabansu ba. Na ce su juya, ta ƙofa za a fita da shi. Babu wanda ya tambaye ni ina ƙofar take. Cikin rana muka zagaya, na yi masa sallamar a madadinsa.

Bayan sadakar uku liman ya kira ni gaban 'ya'yansa, ya ce Baffa ya bar wasiyya: tudun nan nawa ne, in yi yadda na ga dama da shi. Kun ji wayon tsoho! Da ya hana ni, da na saya wajen magada na baje a yini ɗaya. Da ya ba ni, sai ya ɗaure ni. Sau biyu ina kiran mai katafila, sau biyu ina sallamarsa tun bai taɓa ƙasar ba.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yafe masa, ya buɗe masa ƙofar da ta fi wadda ya tsare faɗi, ya karɓi sallamarsa.

Taku goma sha biyu na nema, na kuma samu cif. Mota har yau a titi take tsayawa, 'yan dako suna zagaya tudun da buhu a ka. Abin da ya ƙaru ɗaya ne: kafin kowace damina, ni ke yaɓe shi kada ruwa ya cinye.